AMARYA, MAHAIFIYAR ALHASSAN ƊANTATA: ATTAJIRAR BEBEJI DA ANKARA

   

Da yawa daga cikin 'yan ajinmu mata a yau da sana'a suke riƙe da kansu. Wata na sarin atamfa da leshi a Kantin Kwari, wata na haɗa turaren wuta da humra, wata ta kafa kekunan ɗinki, wata kuma tana aikin gwamnati amma da 'yar kasuwarta a gefe. Nan Sheshe ma da wuya mutum ya bi lungu ya fita bai wuce gidan da ake sayar da wani abu a cikinsa ba, ko da ƙuli-ƙuli ne da man gyaɗa. Saboda haka na ga ya dace a wannan fitowa mu waiwayi wata mata da ta yi irin wannan fafutika tun babu mota, babu jirgin ƙasa, babu banki.

Babu wanda ya zauna a ajin tarihi a ƙasar Kano bai ji sunan Alhaji Alhassan Ɗantata ba. An gaya mana dalar gyaɗa, an gaya mana raƙuma ashirin na kuɗin azurfa. Abin da ba a cika tsayawa a kai ba shi ne, sunan nan da duniya ta san shi da shi sunan mace ne a cikinsa, wato Tata, kuma ba ita ce ta haife shi ba. Wadda ta haife shi sunanta Amarya, kuma tun kafin ɗanta ya san mene ne ciniki ita attajira ce mai cin gashin kanta.

Amarya ta yi aure ne a cikin Agalawa. Su Agalawa asalinsu daga arewa suke, daga wajen ƙasar Azbin, suka gangaro ƙasar Katsina, daga nan suka bazu a garuruwan ƙasar Kano. A ƙarni na 19 su da Tokarawa da Kambarin Barebari su ne suka riƙe fataucin goro tsakanin ƙasar Hausa da Gwanja. Surukinta, Baba Talatin, shi ne ya taso da iyalinsa daga ƙasar Katsina ya zauna a Madobi, kudu da birnin Kano. Mijinta Abdullahi ya gaji mahaifinsa a fatauci har ya zama madugu. Wani abin lura shi ne, surukarta ma, wato mahaifiyar Abdullahi, 'yar kasuwa ce mai dukiyar kanta. Ke nan Amarya ta shiga gidan da ba a ganin baƙon abu idan mace ta ƙulla kayanta daban, ta yi lissafinta daban.

A shekarar 1877 ayarin Abdullahi ya tashi daga Madobi ya nufi Gwanja, Amarya na ciki da tsohon ciki. Ba su yi nisa ba, a zangon Bebeji, haihuwa ta zo mata. Yaron da aka haifa a wannan zango shi ne Alhassan. Da Abdullahi ya dawo daga tafiyar sai ya bar Madobi ya maido gidansa Bebeji, wadda a wancan zamani babban gari ne mai ganuwa a kan hanyar fatake. Mata 'yan'uwana, ku da kuka san abin da ake nufi da watan haihuwa, ku auna da kanku irin matar da za ta yarda ta biyo ayari a wannan hali.

Domin kuwa tafiya Gwanja ba tafiya Kurmi ba ce. Daga Kano ayari kan yi yamma ya bi ta ƙasar Zamfara da Kabi, ya ƙetare kogin Kwara a wajen Yawuri, ya ratsa ƙasar Bargu, ya faɗa ƙasar Dagwamba, sa'an nan ya sauka Salaga, babbar kasuwar Gwanja, wadda a yau take arewacin ƙasar Gana. Zuwa da dawowa kan ci wata shida har zuwa shekara guda. A tafi da baƙin yadi da turkuɗi na marinar Kano da Kura, da kanwa, da jima, da gabu, da duwatsun ado. A dawo da goro. Kowane sarki aka bi ta ƙasarsa sai an biya kuɗin fito ko na hanya, kuma a dajin Bargu 'yan fashi ba su da wasa. Shi ya sa ake tafiya da yawa, madugu na shugabanci, jagaba na gaba yana duba hanya da wurin sauka. Wani Bature matafiyi, Kilafatan, ya gamu da irin wannan ayari na Hausawa a Kayama ta ƙasar Bargu a 1826, sun fito daga Gwanja, ya ƙiyasta su da mutum fiye da 1,000, maza da mata, ga dabbobi kusan yawan mutanen. Abdulkarim Bature, wato Barth, da ya zo Kano a 1851, ya ƙiyasta goron da ke shigowa birnin a shekara da kayan jakuna 500.

Su matan ayari aikinsu ya fi ƙarfin tuka tuwo. Akwai bayi da 'yan dako masu ɗaukar kaya a ka, akwai kuma matan fatake masu nasu kaya a cikin kayan ayari. Idan an sauka zango mace ta dafa abinci ta sayar wa gwauraye da 'yan alaro, ribar ta shiga lalitarta. Sa'an nan ga hidimar goron kansa, wanda duk cikin hajar duniya babu mai son a kula da shi kamarsa. Sai an naɗe shi da ganyen fita, an ɗaure a huhu, ana yayyafa masa ruwa kada ya bushe, kada kuma ruwan ya yi yawa ya ruɓe. Bayan 'yan kwanaki a kwance huhun a bi shi ɗaya bayan ɗaya a tsince mai sankara da mai tsutsa, don ƙwaya ɗaya tana iya ɓata ƙwarya guda, wato goro 100. A ware marsa daban, minu daban, fari daban, ja daban, kowanne da kuɗinsa. Wadda ta yi shekaru tana wannan aiki ta koyi abin da babu makarantar da ke koyar da shi: riba tana zubewa ne a wurin ajiya tun kafin a kai kasuwa. Duk wadda ta taɓa buɗe buhun wake bayan wata uku ta tarar ƙwari sun riga ta, ta san wannan karatu.

Haka kuma kuɗin zamanin wuri ne. Keso guda wuri 20,000 ne, kuma kaya ne na ƙato. Saboda nauyinsa ɗan kasuwa ba ya yawo da kuɗi, sai dai ya juya haja zuwa wata haja, yana saye yana sayarwa zango-zango, lissafin duka yana cikin kai. A irin wannan makaranta Amarya ta ƙware, har ta kai tana da harkokinta na kasuwanci a can ƙasashen goro.

Wajen 1885 Allah ya yi wa Madugu Abdullahi rasuwa a Bebeji. Alhassan bai wuce shekara 8 ba. Abdullahi ya bar dukiya mai yawa, aka raba ta bisa shari'a, kowane magaji ya sami rabonsa. To, a nan ne labarin ya rabu biyu, kuma a nan nake so mu ɗan dakata. Dukiyar madugu, wadda ta fi yawa, ta faɗa hannun yara ƙanana da ba su san yadda ake juya ta ba, kuma dukiyar fatauci ba gona ba ce da za ta zauna ta jira mai ita ya girma. Jakuna su mutu, bayi su watse, masu bashi su yi shiru, amintattun uba su kama gabansu. Kafin Alhassan ya mallaki hankalin kansa rabonsa ya bi ruwa, har ya zama sai ya nema da hannunsa sa'an nan ya ci. Dukiyar Amarya kuwa mutuwar miji ba ta taɓa ta ba, domin tun farko ba a cakuɗe take da tasa ba. Ba ta shiga cikin abin da aka raba ba, kuma mai juya ta tana nan da ranta.

Shari'ar Musulunci ce ta ba ta wannan kariya. Abin da mace ta mallaka nata ne, sadakinta da gadonta da ribar sana'arta, miji ba shi da iko a kai sai abin da ta ba shi da daɗin rai. Amma idan miji ya rasu ya bar 'ya'ya, abin da matarsa za ta samu a dukiyarsa tumuni ne, kashi ɗaya cikin takwas, kuma idan su biyu ne ko uku ko huɗu wannan tumunin za su raba. Yanzu a ce mace ta zuba jarinta a shagon maigida shekara ashirin, babu rubutu, babu shaida, don kunya ko don kada a ce ba ta yarda da shi ba. Ranar da ta Allah ta kasance, shago gaba ɗaya sunansa dukiyar mamaci. Ta fito takaba bayan wata huɗu da kwana goma ta tarar guminta ya zama gadon mutum goma sha biyar, ita kuma an miƙo mata rabin tumuni. Mu da ke cikin gari mun ga irin wannan ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, kuma galibi babu wanda ya yi niyyar zalunci; magada sun raba abin da suka tarar ne. Ba ina zuga kowa ta ɓoye wa mijinta abin hannunta ba ne. Uwar Muminai Nana Khadija, Allah ya ƙara mata yarda, da dukiyarta ta tallafi Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, amma ai sai da dukiyar ta zama tata sa'an nan ta iya bayarwa. Taimako daban, rashin sanin iyakar naka daban.

Bayan rasuwar mijinta Amarya ta yanke shawarar da har yau idan aka faɗe ta a cikin mata sai an yi gardama. Ta bar Bebeji ta koma Ankara, wato babban birnin ƙasar Gana na yanzu, a bakin teku, tafiyar fiye da kilomita 1,000 daga gida. 'Ya'yanta kuwa ta bar su a Bebeji a hannun wata tsohuwar baiwa mai suna Tata.

Zaɓen Ankara ya nuna mace ce mai karanta kasuwa. A 1874 Turawan Ingila sun ci Kumasi da yaƙi, ƙarfin Asante ya karye, alhali daga dazukan Asante goron Salaga ke fitowa. Daga nan Salaga ta fara ja da baya, goro ya fara neman wasu hanyoyi, ciki har da ta kudu zuwa bakin teku. A 1877, shekarar da ta haifi Alhassan, Turawa suka mai da Ankara hedkwatar mulkinsu na wannan ƙasa. Hausawa suka yi ta taruwa a zangonta, jiragen ruwa na zuwa da kayan Turai, suna kuma ɗaukar goro zuwa Ikko. Sa'an nan a 1892 yaƙin sarauta ya tashi a Salaga kanta, garin ya watse, fatake suka bazu zuwa Karachi da Kintamfo da sauran wurare. Wanda ya kafe a kan cewa Salaga ce kasuwar iyaye da kakanni, wannan yaƙi ya ci shi. Amarya ta riga ta yi gaba da shekaru. A Ankara kasuwa ta karɓe ta, ta zama ɗaya daga cikin masu hannu da shuni a cikin Hausawan garin.

Maganar barin yara kuwa, ni dai ba zan ce abu ne mai sauƙi ba, ba kuma zan yi saurin ɗora mata laifi ba. Hanyar da na bayyana a sama ba ta ƙananan yara ba ce, kuma riƙo al'ada ce da kowa ya sani a ƙasar Hausa. Yaro ya tashi a hannun kaka ko gwaggo ko wata dattijuwar gida ba abin mamaki ba ne. Da ta zauna a Bebeji tana cin jarinta, bayan 'yan shekaru da ita da yaran duk sai sun koma hannun dangi. Amma fa an biya farashi, kuma yaran ne suka fara biya. Alhassan ya tashi da maraicin uba da kewar uwa, yana karatun allo yana neman abin da zai ci kamar kowane almajiri, har mutanen gari suka manta da ɗan madugu, suka riƙa kiransa ɗan Tata. Duk macen da ta taɓa barin yaro da zazzaɓi ta tafi Legas ko Kwatano sarin kaya ta san ɗan ƙaramin yanki na abin da ke cikin zuciyar Amarya.

Sai dai ta iya zaɓen wadda za ta bar wa amana, kuma wannan ma wani fanni ne na kasuwanci. Tata ba ta da dukiyar da za ta ba yaron, amma ta koya masa tattali. Ita ce ta riƙa matsa masa duk abin da ya samu ya ajiye wani abu, har ya mallaki asusu yana jefa wuri a ciki. Shi asusu tulun ƙasa ne mai 'yar ƙofa, abin da ya shiga ba ya fitowa sai ranar da aka fasa. Mu da muka tashi a gidajen cikin birni mun san shi, mun kuma san ɗan'uwansa adashi. Baiwar Allah nan ta rasu ba ta san cewa za a rubuta sunanta a jikin kamfanoni da manyan motoci da tituna ba.

Da Alhassan ya kai kimanin shekara 15 sai ya ƙudura zuwa ganin mahaifiyarsa. Da 'yan kuɗin da ya tara ya sayi kaya a Bebeji, ya bi ayarin Gwanja. Ya sayar da rabi a hanya, ya ƙarasa da sauran Ankara. Ku duba da idon zuci: yaro ya yi watanni yana tafiya a ƙasa, ya iso gidan uwarsa, ya tarar da ita cikin wadata. Abin da zai sa a ransa shi ne wahala ta ƙare. Kwana ɗaya ta bar shi ya huta. Kashegari ta kama hannunsa ta kai shi wurin wani malami, a can zai zauna yana karatu har lokacin da zai koma gida. A Ankara, garin da uwarsa ke da dukiya, Alhassan ya ci gaba da rayuwar almajirci, yana karatu, yana yi wa malaminsa hidima, yana aikin ƙarfi don ya sami na kansa. Wahalar da ya sha a can ta fi ta Bebeji. Bayan wani lokaci ya sake bin ayari ya komo.

Wannan shi ne wurin da ya fi tsaya mini a rai a duk tarihinta. Uwa ce da ta yi shekaru bakwai ba ta ga ɗanta ba. Abin da zuciya za ta raya mata shi ne ta rama masa duk abin da ya rasa, ta ɗinka masa riguna, ta damƙa masa jari. Amma ta riga ta ga abin da ya sami dukiyar Abdullahi da ta faɗa hannun da bai ƙosa ba. A ganina ta lura cewa yaron da ya iya tara jari da asusu, ya sayar da rabin kayansa a hanya ya adana rabi don kasuwar da ta fi tsada, ya riga ya kama hanya, kuma kuɗin banza ne kaɗai zai iya karkatar da shi. Mu a yau mun fi fama da wannan jarrabawa fiye da kowace. Mace ta sha wuya ta kafa shago, sa'an nan ta ɗora ɗanta ko ƙanenta a kan aljihun tebur don tausayi, bai taɓa ɗaga dila ba, bai san nawa ake biyan ɗan dako ba. Shekara biyu sai a ji ana cewa kasuwa ce ta lalace. Ba na cewa mu kai 'ya'yanmu bara; zamani ya sauya, kuma abin da aka yi a 1892 ba lalle ya dace da yau ba. Amma tsakanin bara da miƙa mukullin shago akwai fili mai faɗi: ya yi shara, ya yi awo, ya rubuta littafin bashi, ya je karɓo shi ya ga yadda ake juya masa baya.

Bai daɗe da komowa ba ƙasar Kano ta kama da wuta. Sarkin Kano Muhammadu Bello ya rasu a 1893, Sarkin Musulmi Abdurrahman ya naɗa ɗansa Tukur, 'ya'yan Sarki Abdullahi Maje Karofi suka ƙi, suka fita Takai a ƙarƙashin Yusufu. Wannan shi ne Yaƙin Basasa, wanda a cikinsa Aliyu Babba ya shigo birni a 1894. Garuruwa da yawa sun ɗanɗana kuɗarsu, Bebeji na ciki. Aka kama Alhassan da 'yan'uwansa, ana shirin mai da su bayi, sai da aka biya fansa sa'an nan suka kuɓuta. Duk wannan ya faru uwarsu tana bakin teku, inda labari ma sai ya yi watanni kafin ya isa. Wanda zai yaba wa Amarya a kan hangen nesa, to ya haɗa da wannan a cikin lissafinsa.

Da ƙura ta lafa Alhassan ya shiga fatauci sosai, kuma hanyar da ya ɗauka ita ce ta nuna amfanin zaman uwarsa a Ankara. Maimakon tsohuwar hanyar Bargu ta jakuna, sai ya riƙa gangarawa ta Ibadan zuwa Ikko, ya shiga jirgin ruwa zuwa Ankara da Sekondi, ya sayi goro ya komo da shi ta ruwa. Yana cikin 'yan arewa na farko da suka yi haka. Tafiyar ta ragu, goro kuma ya iso da ɗanyensa. Bafataken da ya sauka garin da mahaifiyarsa ta yi shekaru tana ciniki, sunanta ya riga ya buɗe masa ƙofofin da baƙo zai daɗe yana ƙwanƙwasawa, ko da ba ta ba shi ko wuri ɗaya ba. Wajen 1906 ya faɗaɗa harkarsa zuwa duwatsun wuya da murjani da yadin Turai.

Amarya ta rasu a Ankara wajen 1908. Tun rasuwar Abdullahi, shekara fiye da ashirin, ba ta sake aure ba. A zamanin da bazawara mai dukiya ba ta rasa manema, kuma zaman mace babu aure abin magana ne, wannan ma zaɓi ne da ta yi ta kuma tsaya a kai. Ba ta ga jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911 ba, ba ta ga cinikin gyaɗa da ya ɓarke a 1912 ba.

Bayan rasuwarta ɗanta ya rage zirga-zirgar Ankara ya mai da hankali kan Ikko da Kano. Ya dawo birni ya kafa gida a Sarari, makwabtan Koki, wanda daga nan Sheshe tafiyar ƙafa ce idan an ratsa ta Kurmi. A 1918 Kamfanin Neja ya neme shi ya riƙa saya masa gyaɗa, kuma zuwa 1922 ya sha gaban manyan attajiran birni irin su Umaru Sharubutu da Maikano Agogo. A 1929 ne ya kai kuɗin azurfa kayan raƙuma 20 bankin Turawa da ke Kano, wanda daga baya ya zama First Bank. Sauran labarin kun san shi.

Abin da ba kowa ya sani ba shi ne, a cikin gidan nan na Sarari an ci gaba da al'adar Amarya da surukarta. Matarsa Umma Zariya ita ce ta riƙe ɓangaren cinikin mata. Matan birni na kulle ba sa zuwa Kurmi, alhali su ne masu sayen murjani da tsakiya da zannuwa masu tsada, su ne masu haɗa kayan ɗakin 'ya'ya. Namiji, komai dukiyarsa, iyakarsa zaure. Umma Zariya ce ke tura dattawan mata da kaya gida-gida, su shiga har ƙuryar ɗaki, su dawo da kuɗi da kuma labarin abin da ake yayi. Wannan kasuwa ta bayan katanga, wadda dillalai mata da 'yan talla ke ɗauke da ita, ita ce har yau ke ciyar da gidaje da yawa a Sheshe da Mandawari da Yakasai, sai dai yanzu wayar hannu ta karɓi rabin aikin dillaliya: a ɗauki hoton atamfa a tura, a yi ciniki, a aiko ɗan sahu ya karɓa.

Alhaji Alhassan Ɗantata ya rasu ranar 17 ga Agusta, 1955, aka binne shi a gidansa na Sarari. Daga cikin 'ya'yansa akwai Alhaji Sanusi, wanda ya rasu a 1997, da Alhaji Aminu, wanda ya rasu a 2025 aka binne shi a Madina. 'Yar Alhaji Sanusi, Hajiya Mariya, ita ce mahaifiyar Alhaji Aliko Ɗangote. Idan aka bi salsala daga Aliko zuwa Mariya, zuwa Sanusi, zuwa Alhassan, a mataki na biyar za a iske matar nan da ta haihu a zangon Bebeji a 1877.

Allah ya jiƙan Amarya da Tata da Umma Zariya, ya jiƙan Alhaji Alhassan da iyayenmu da malamanmu da suka rigaye mu, amin.